Mutum Na Sha Bakwai

Daga Gumel na hau mashin, ranar kasuwar Maigatari,
a jakata tambaya arba'in da biyu
da 'yar na'urar naɗar murya mai cin batir kamar gara.
Ɗan acaɓa ya ce, "Gidan Hambali? Wanda ya dawo?"
Bai ce daga ina ba.
A garin nan ba a ƙarasa zancen.

Na same shi gindin maina yana kankare katako.
Shekara bakwai a bayan ƙyaure,
ya fito da sana'ar ƙyaure.
Uku na jingine da danga, rana ta soma tsaga su,
ko tayi ba a yi ba.
Ya ce, "Wa zai sayi ƙyaure
wajen wanda aka ce ya iya ɓalle shi?"

Tambaya ta tara: kana da hanyar abinci?
I ko a'a, 'yan akwatuna biyu.
Ya dubi rumbu, ya dubi gabas
inda gonar da aka jinginar don kuɗin lauya take kwance
da geron wani a kanta.
"Rubuta i. Tabawa na dakau."

Ta sha huɗu: jama'a sun karɓe ka?
"Suna gaishe ni.
A masallaci kuwa, tsakanin kafaɗata da ta kusa
akuya za ta wuce da ɗanta.
Liman ya ce a toshe kafa,
kowa ya sunkuya yana duban yatsunsa.
An yi gayya gonar Tanimu,
daga ɗaki na ji gangar."

Sai murya daga bayan zana:
"Malam, rubuta wannan.
In ya zo bakin ɗaki tsayawa yake,
yana jiran a buɗe masa.
Labule ne fa.
Da yamma sai ya tsuguna tsakar gida
har sai na ce masa ba mai zuwa ƙidaya."
Na juya takarda gaba da baya,
ban ga akwatin da zai ɗauki wannan ba.

Na ce, kwantar da hankalinka, ba za a ga sunanka ba,
Mutum na Sha Bakwai za a rubuta.
Ya yi dariya har da tari:
"Can ma lamba suka ba ni."

Zan koma Dutse in juye shi cikin Turanci,
in raba shi kashi cikin ɗari,
in karanta shi a otal, gaban robobin ruwa.
Mu muna cewa gidan gyaran hali,
su suna cewa gidan ɗan Kande.
Kwamiti zai ƙirga takarduna
kamar yadda aka ƙirga shi safe da yamma,
ni ƙidayar tawa ƙarin girma take haifa.

Abin da ban taɓa sa wa a gabatarwa ba:
Baffa Ilu.
An ce mana cirani ya tafi Kurmi.
Ya dawo ba tsaraba, ba haƙoran gaba,
kwanonsa daban, a zaure.
Ni ake ba in kai.
Nakan dire in sheƙa da gudu
tun bai gama cewa na gode ba.
Shekarata tara. Yanzu hamsin ba biyu,
har yau kwanon nake komawa ɗauka.

Na ce, Hambali, sa wa ƙyauren can kuɗi.
Ya dube ni tun daga hula har takalmi.
"Je ka auno bakin ɗakin tukuna.
Ba na sayar da ƙyauren da ba shi da wurin kafawa."

Batir ya mutu tun kafin la'asar.
Tabawa ta miƙo dambu, kwano biyu.
Na ture ɗaya gefe,
na wanke hannu, na matsa kusa.