Ruwan Zarto da Mamatsa Biyu

Zarton da na gada wurin Baffa Hamidu ya tsufa.
Haƙoransa sun kwanta kamar na tsohuwar akuya,
in na ɗora shi kan gabaruwa, lasa yake, ba ci ba.
Na bi shi da magagari har magagarin ya gaji.
Jiya da la'asar ya karye biyu a hannuna,
ban yi fushi ba, cewa na yi, sannu da aiki.

Da hantsi na hau rakasha zuwa kasuwar Gadarif,
kafin alƙalamin angarib ɗin Hajja Batula a aljihuna.
Motocin riɗi sun tare hanya,
na sauka na ƙarasa da ƙafa.

Awadalkarim ya baje mini ruwan zarto kan tebur:
wannan na Sin ne, wannan na Turkiyya,
wannan kuwa zauna tukuna kafin ka ji kuɗinsa.
Na shafa kaifi da babban yatsa,
na lanƙwasa, na saki, na kasa kunne.
Ƙarfen kirki da siririyar murya yake amsawa,
na banza tari yake yi.
Na ware mai manyan haƙora don tsaga gabaruwa,
da mai ƙanana don maɗaci,
inda kuskuren rabin yatsa ke cinye ribar mako.

Na taya, ya ce albarka.
Na ce makon jiya ba haka ka sayar ba.
Ya ce jine ƙanƙara ce a tafin hannu, ya Usta,
kana tsaye kana ciniki tana zuba.
Muka sha shayi, ya rage abin da bai kai kuɗin shayin ba.

Har na juya, sai idona ya faɗa kan mamatsa
a rataye, bakinsu buɗe, jan fenti bai ko goge ba.
Shekara goma sha ɗaya ban nemi irinsu ba,
ina da Mudassiru.
Yana ɗan bakwai zama yake kan katako, ƙafafu na reto,
nauyinsa kaɗai ya ishe ni.
Da ya tasa, gwiwa ya sa. Da ya girma, hannu.
Ya san lokacin dannawa tun ban buɗe baki ba.

Wata tara ke nan yana arewa, ramin zinariya.
Sau biyu muka ji muryarsa, iska ta cinye rabi.
Uwarsa ta gwada riƙe mini, garin katako ya sa ta tari.
Yaron maƙwabta kuwa, ƙwallo na giftawa ya saki,
tabon yana nan a yatsana.

Na ce a ba ni biyu, da babban na ɗaurewa a benci.
Awadalkarim yana naɗewa a tsohuwar jarida yana cewa:
waɗannan ba sa neman na karin kumallo,
ba sa gunaguni, ba sa tafiya ko'ina.
Na yi masa dariya don kada ya ji kunya.

A gida, ƙarƙashin rumfa, na murɗa su har suka ciza.
Katako ya tsaya cak, ko numfashi ba ya yi.
Sabon ruwa ya shiga gabaruwa kamar an yi masa sallama,
tsaga ta miƙe, ƙamshin itace ya tashi,
kaji suka matso suna tsammanin dusa ce.
Rabona da yanka mai kyau haka na manta.

Ina tsakiyar na biyu gari ya rufe layin fensir.
Ban ɗago ba na ce, hura mini.

Mamatsa suna riƙe.

Na sunkuya na hure da kaina, na ci gaba.
Karyayyen ruwan Baffa yana kan ƙusa, ban yar ba,
zai yi wuƙa biyu in na samu ƙota:
ɗaya ta kicin,
ɗaya in ajiye.