Takalmin Sadisu

Sadisu ya dawo makaranta fuska a murtuke,
wai takalminsa ya zama abin dariya a aji,
na Nafi'u kuwa har wuta yake kawowa in ya taka.

Na ce, miƙo shi nan.
Muka zauna a dakalin gida, nan Gangare,
na ba shi basilla da zare.
Ɗinki uku nawa,
bakwai nasa, duk a karkace.
Na ce, ƙafa ke kai mutum, ɗana,
takalmi rakiya yake yi.
Bai ce uffan ba.

Ran Asabar muka shiga Taminus awon shinkafa,
sai ga wata waya a bayan gilashi,
baƙa wuluk, tana sheƙi.
Na tsaya. Na taya. Na sake tayawa.
Har na fara lissafin kwasar adashi.

Ya ja mini hannun riga:
"Baba, taka ta daina kira ne?"

Na dubi tawa, ɗaure da roba,
na dubi ɗinkinsa, bai saki ba.

Muka saɓi shinkafarmu.
Jos da sanyinta,
ni kuwa gumi nake har gida.