Saura Kwana Tara

Shekara huɗu na yi a Khartum,
na dawo da takarda mai hatimin zinare.
A Shika suka juya ta gaba da baya,
suka ce: da kyau, saura tamu.

Duk Tudun Jukun "Nas" ake kirana.
Jiya Gwaggo Tasalla ta turo jikanta
da allura a leda.
Na ce ba ni da lasisi tukuna.
Ta aiko: to rake kika je sha?

An ɗauke wuta tun la'asar.
Da fitilar waya nake bin tsoffin tambayoyi:
lita ɗaya, awa takwas, ɗigo nawa a minti?
Amsar da Larabci take zuwa,
sai na juya ta kamar waina kafin ta ƙone.

Baba ne majinyacina.
Bayan isha'i yakan naɗe hannun riga,
in ɗaura, in matsa, in saurara.
Daren nan kibiyar awo ta tsaya
a ɗari da saba'in.
Na sake. Ba ta sauka ba.

"Rubuta yadda ya fito," ya ce,
"kada ki rage mini maki."
Shi da ya sayar da gonar Dakace
bai taɓa ce mini sai yaushe ba.

Na rufe littafin.
Da asuba zan kai shi Shika,
mu yanki kati, mu bi layi,
in zauna a benci da jakar maganinsa,
ina kallon fararen riguna suna wucewa.