Ƙusar Bango

Ran Asabar na ɗauko shi daga kasuwar Birnin Kebbi,
akwatin gilashi, a bayan babur, na rungume shi
kamar mai kai jinjiri riga-kafi.
Na zuba tsakuwa, na dasa ciyawar roba,
na cika shi da ruwan burtsatse, garau,
har ƙusar da ke bango ana hango ta ta cikinsa.
Kifi huɗu: uku ja, ɗaya baƙi mai jan wutsiya a ƙasa.
Ramlatu ta raɗa masa Liman,
don shi kaɗai ke tsayawa gaba.

Litinin da asuba na haska tocila.
Ruwan ya koma na wankin shinkafa.
Liman ya zama inuwa,
jajayen kamar garwashi ƙarƙashin toka.

Na kwashe rabi, na zuba sabo.
Talata ya wayi gari ya fi jiya kauri.
Na kwashe duka, na cuɗe tsakuwa
har yatsuna suka yanƙwane,
na matse soson matata a bakin famfo.
Laraba: tsala, sai dai babu fura.

Ɗanjumma maƙwabcina ya ce in jefa alam.
Matarsa ta aiko da 'ya'yan zogale a ƙullin leda.
Nafi'u da ya sayar mini, wayarsa a kashe.
Ramlatu kuwa duk gilmawa sai ta barbaɗa musu abinci,
wai ko yunwa ce ta sa su fushi.

Alhamis Gwaggo Tumba ta sauka daga Augie
da kwandon banda, hayaƙi na bin zanenta.
Shekara arba'in tana feɗe kifi,
ba ta taɓa ganin wanda ake ciyarwa don kallo ba.
Ta yi dariya har sai da ta dafa ƙyaure.
Sannan ta jawo kujera 'yar tsugune, ta zauna. Ta daɗe.

"Suna haki bisa ruwa?" Na ce a'a.
Ta duƙa ta sunsuna da kanta.
"To mi yad dame ka?
Sabon ruwa baƙo na, bai san gida ba.
Kullum ka kore shi ka kawo wani baƙo,
yaushe za a saba?
In gulbi ya hau fadama, kwana nawa shika yi jawur?
Wa kat taɓa gani da ƙwarya yana kwashe shi?
Akwai masu shara cikin ruwa, ido ba ya kama su.
Suna cikin gini kana rushe masu ɗaki."

Ta karɓe gwangwanin daga hannun Ramlatu,
ta tsakuro da yatsu biyu: "Wanga, sau guda."
Ta nuna injin da ke kumfa: "Wancan, kar shi mutu."
Daren nan da aka ɗauke wuta
na zare fanka daga batirin sola na ba kifi.
Mu muka kwana fifita da murfin kwali.

Juma'a, shiru. Hannuna na ƙaiƙayi,
na cusa shi aljihu.
Asabar na ɗauki bokiti, na tsaya, na mayar.
Lahadi Gwaggo ta hau mota, ko waiwayen gilashin ba ta yi ba.
Litinin da Talata ni ma na yi gaba da shi,
in wuce in kau da kai,
in tafi injin shinkafa in sauke haushina kan buhu.

Laraba, ko sallame salla ban yi ba,
Ramlatu na tsalle a bakin darduma:
"Baba, ƙusa! Baba, ga ƙusa!"

Ga ta kuwa, da tsatsarta, ta cikin ruwa.
Liman ya bi ta gabanta a hankali,
jajaye uku a sahu bayansa.

Da dare muka sha miyar bandar Gwaggo a gabansu,
na ɗan juya musu baya, don kunya.
Na kira ta in ba ta labari.
Ta saurara har ƙarshe, ta ce:
"Madalla. To sun yi girman miya?"