Aljihun Dama

Tun ranar da suka tare mu bayan Tsarnawa,
suka juye kuɗin albasar shekara a buhun gishiri,
ban ƙara gyangyaɗi a mota ba.

Na je wurin Ajidan Bizo, can bayan kasuwar Tawa,
tsohon jandarma, gwiwa guda ta daina lanƙwasa.
Ya shimfiɗa bargo, ya jera su uku
kamar mai tallan kifin Tabalak.

Na kai hannu ga babbar.
Ya ce, ajiye,
wannan ta mai son a gan shi ce,
kai ko so kake a manta da kai.
Tana rinjayar riga gefe guda,
ɗan kamasho ma sai ya gane daga bakin tasha.

Ta tsakiya ta fi ƙarfin yatsuna.

Sai ƙaramar.
Ba ta kai albasar Galmi biyu nauyi ba,
ga sanyi kamar butar asuba,
ta kwanta a tafina sai ka ce mun saba.
Ya ce, kada ƙanƙanta ta ruɗe ka,
ɗan jaki ya fi uwarsa harbi.
Kuma takarda tukuna.
Ka tafi Yamai, ka yi hoto, ka jira tambari,
in haƙurinka bai kai na jira ba
bai kai na riƙe ta ba.

Damina ta zo ta wuce, takarda ta fito.

Tela Nomau ya auna ƙuguna bai ɗaga kai ba.
Aljihun me za a ƙara daga ciki?
Na ce na waya.
Ya ce, wayar nan da nauyi take,
ya ninka ɗinkin sau biyu.

Jiya na dawo daga Ƙonni, magariba ta kusa.
Habsu ta sheƙo da gudu daga zaure,
goshinta daidai ƙuguna yake tsayawa,
nan dama, inda ta saba laluben dabino.
Na juya mata hagu.
Ta tsaya, ta dube ni,
ta zagayo.

Na riƙe hannunta, kila da ƙarfi.
Ba ta yi kuka ba, ta koma wurin uwarta.

Yanzu dare ya raba, tana cikin akwati, na kulle,
mabuɗin na wuyana.
Mota ta tsaya, ga ni a gida,
har yanzu ban yi barci ba.