Minti Goma Sha Huɗu

Ni ɗan albasa ne a Mil Sha Biyu.
Shekara ashirin da shida ina auna riba da hanci:
in buhu ya fara ruɓa daga gindi,
ina ji tun ba a kwance bakinsa ba.

Sai ga Jazuli, ɗan ƙanena,
kafaɗa kamar ƙyauren shago, leɓe a fashe,
ya jawo wani Bankole mai jakar kwamfuta.
Wai zari-ruga, Baba, na 'yan bakwai-bakwai.
Wai za a kafa gasa, ƙungiya takwas,
kowane yaro da albashinsa ƙarshen wata.
Ni nawa in zuba jari,
a buga sunana a bayan riga.

Na ce a nuna min hajar.

Ran Asabar muka nufi Surulere.
Awa uku a gosulo daga Ketu,
kwandasta rataye a ƙofar danfo yana zagin ruwan sama.
Na sami benci, na gyara hula, na ɓare goro,
ban kai ga ɓari na biyu ba aka hura usur.
An tashi? An tashi, Baba.
Bakwai, a sha ruwa, bakwai.

Na ƙirga kawuna yadda nake ƙirga buhu:
ɗari biyu da 'yan kai.
Rabi dangin 'yan wasa ne, ta baya suka shigo.
Turawan kamfani shida a gindin lema.
Yarinya mai fiya-wata ta fi mai tikiti ciniki.
Tsallaken titi kuwa gidan kallo na kwano
ya cika har ana leƙe ta taga,
don wasu ƙungiyoyi biyu can Ingila
da ba su san da zaman kowa ba a nan.

Bankole ya buɗe kwamfuta, wani layi yana ta hawa.
Gidan talabijin zai zo.
Kamfanin waya zai zo.
Yaran yanzu gajeren abu suke so.
Na ce: zai zo, zai zo.
Ni ma tirelata tana tafe daga Aliero,
amma ban taɓa cinikin biri a sama ba.
Wa ke biyan hayar fili?
Wa ke sayen man janareta?
In kafaɗa ta goce a wasa na uku,
albashin zai bi yaro har gadon Igbobi?

Ya rufe kwamfutar.
Ya ce, Alhaji, shekara biyar ba riba. Wataƙila bakwai.
A nan ne na fara ganin girmansa.

Aka sake hura usur, wasan su Jazuli.
Ƙwallon nan mai siffar ƙwai
ba ta san alkawari ba:
ta faɗi nan, ta zabura can,
kamar farashin albasa a tsakiyar damina.
Kuma baya ake jefa ta, wai don a ci gaba.
Wannan kam na gane shi,
na yi shi shekarar da gobara ta ci rumfata.

Ta faɗo hannun yaron.
Ya kauce wa ɗaya, ya ture na biyu,
na uku ya tashi da guntun riga,
fili ya buɗe masa kamar gadar Eko ran Lahadi da asuba.
Ban san sanda na miƙe ba.
Hulata a taɓo, gorona a ƙasa,
ina ihu da muryar da nake kiran 'yan dako.

Ban ba Bankole miliyoyinsa ba.
Hancina bai yarda ba tukuna.
Amma duk Asabar ina ɗaukar shatar danfo biyu,
in cika su da yaran kasuwa, in biya tikiti,
su ga yadda ake dako da gudu.
Talatin da shida kan ɗari biyu.

Da dare in na buɗe littafin lissafi
sai biro ya tsaya.
Ba shafin riba ba ne, ba na asara ba,
sadaka kuma ba na so in yi wa Allah ƙarya.
Na bar masa shafi guda daga baya,
na rubuta: Jazuli,
na ja layi,
ban rufe ba.