Taƙi Ɗaya da Yatsu Biyu

Shekara talatin ina koyar da labarin ƙasa a Daura,
ban san nisa ba sai daren jiya.

Na sauko da ƙwallon duniyar nan daga kan kwaba,
wanda makaranta ta yar na tsinta,
gara ta ci rabin Rasha, Ostireliya ta koɗe.
Na tsinko zare a keken ɗinkin uwarki,
na danne bakinsa a Kano da farce,
na ja shi ta kan Habasha,
ta kan shuɗin ruwan da babu ko ɗigon ƙasa,
har Kuala Lumpur.
Da na ɗaga na gwada, Barira,
taƙi ɗaya ne da yatsu biyu.
Iyakarsa ke nan.
Na yi dariya ni kaɗai, dariyar ta ƙi fita sosai.

Takardarki ta ce awa biyar zuwa Addis,
huɗu a kan benci cikin baƙin fuskoki,
sha ɗaya kuma a sama.
Na tara, ashirin cif.
Ni da na sha dukan allo da alli
ina cewa yara su haddace kilomita,
yau lambar ta tsaya mini a wuya kamar gayan tuwo.

Motar da ta dawo da ni daga rakiya
ta yi faci a Kazaure.
Kafin a ɗaure taya, na lissafa,
kin wuce tafkin Chadi.
Na yi magariba kina sama.
Na yi isha, na rufe kaji, kina benci.
Akuyar Ladingo ta haihu da tsakar dare, biyu,
ɗaya bai tashi ba,
kina sama.
Ladan ya kira asuba, na ɗaga kai
ina neman wane tauraro ne ke tafiya.

Abin da ya fi damuna ba ruwan ba ne.
Can rana tana riga mu fitowa da awa bakwai.
Ke da na yi wa huɗuba a kunne
kin shiga gobe kin bar ni a yau.
Wa ya cinye awa bakwan nan?
In kin dawo za a maido miki?

Da hantsi waya ta yi ƙara.
Abin da jirgi ya yi wuni da kwana yana ci,
muryarki ta tsallake kafin in ƙifta ido.
Na ce, ya hanya?
Kika ce, Baba, ban ga hanya ba,
gajimare ne kawai, sai na yi barci.

Uwarki ta zo neman zarenta, tana faɗa
wai ba na barin kayan mutane.
Ta zura shi a allura,
ta ɗinke maɓallin rigata da ya daɗe yana reto,
ta ciza, ta tsinke saura.

Da ita na fita kasuwa yau.
Ko'ina na juya, sai in ji hannuna
ya kai ƙirji yana taɓawa.